Littafin Lissafi a Ƙasar Mafara: Daga Zamanin Rashi Zuwa Zamanin Yawa

Tambayar da ɗaliban kimiyya suka fi yi wa malamansu a yau ita ce, "Malam, wane littafi zan karanta?" Shekara 40 da suka wuce ba haka ake tambaya ba a ƙasarmu ta Mafara da Bakura da Maradun. Abin da ake cewa a lokacin shi ne, "Littafin yana hannun wa?" Kowa ya san sunansa, kowa ya san launin bangonsa, jira kawai ake layi ya zo kan mutum. Tsakanin waɗannan tambayoyi biyu an yi doguwar tafiya, kuma ya kamata mu tsaya mu duba abin da muka samu a hanya da abin da ya suɓuce mana ba mu ankara ba.

A wancan zamani, yaron da ya gama sakandare yana son lissafi ko aikin injiniya sai ya ɗaure kayansa ya bar gida. Ko dai ya nufi Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ko Sakkwato, inda aka kafa jami'a a 1975, ko Ƙaura Namoda, wadda ta samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1983. Ba sai an yi wa yaran yankinmu dogon bayani kan amfanin lissafi ba, don sun gan shi da idonsu. A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 450. Aikin ya bar miki a zukatan manoman da aka raba da gonakinsu, har aka zubar da jini a 1980, kuma wannan ba abin mantawa ba ne. Amma ya kuma bar tambaya a zuciyar duk yaro mai kaifin hankali: yaya mutum zai zauna da takarda da alƙalami ya san kaurin bangon da zai tare gulbi, ya san faɗin magudanar da za ta kai ruwa gonakin Bakura? Amsar tana cikin littattafai, kuma waɗanda suka karanta su baƙi ne.

Littattafan da ake nema ba su da yawa. A lissafi akwai Pure Mathematics na Backhouse da Houldsworth, ga masu share fagen shiga jami'a. A fiziks akwai Advanced Level Physics na Nelkon da Parker, wanda ya fara fitowa a 1958, har aka daina faɗin sunansa sai dai a ce "Nelkon" kawai. Masu karatun injiniya kuwa abokinsu Engineering Mathematics na K. A. Stroud, wanda aka fara bugawa a 1970. Sai jerin littattafan Schaum daga Amurka, musamman na Murray Spiegel, masu ɗauke da ɗaruruwan tambayoyi da aka warware daki-daki. A wasu laburare kuma akan tarar da littattafan kamfanin Mir na Mosko, irin su kalkulas na Piskunov, da aka fassara zuwa Turanci. Abin da ya sa talaka ya iya kusantar irin waɗannan littattafai abu biyu ne. Na farko, a farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Na biyu, akwai shirin ELBS na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1960, yana fitar da littattafan manyan makarantu da rahusa mai yawa domin ƙasashe masu tasowa. Malaman kimiyya da yawa a makarantun Arewa a lokacin Indiyawa ne da 'yan Pakistan da 'yan Gana, kuma da irin waɗannan littattafai su ma suka yi karatu, don haka bakin malami da na littafi ya zo ɗaya.

Wanda bai taɓa zama da littafin Stroud ba ba zai gane dalilin da ya sa tsofaffin ɗalibai ke ambatonsa da ƙauna ba. Marubucin ya yanka kowane darasi gunduwa-gunduwa. Zai yi maka bayanin layi uku ko huɗu, sai ya jefo tambaya, amsar kuma tana saman gunduwa ta gaba. Ƙa'idar ita ce ka rufe abin da ke ƙasa da ɗan kwali, ka yi aikin da fensir a takardarka, sannan ka ja kwalin ka duba. In ka dace ka wuce, in ka kuskure ka koma baya. Yaro yana zaune gaban fitilar ƙwai, amma kamar malamin yana gefensa yana cewa sake, ba haka ba, yauwa. Idan littafin ya zo hannunka bayan ya ratsa hannun wasu, za ka tarar da sawunsu a gefen shafi: nan wani ya gyara kuskuren bugu, can wani ya rubuta matakin da marubucin ya tsallake. Da yake littafin na aro ne kuma gobe mai shi zai karɓa, ba ka da lokacin yi masa kallon ado. Dole ka yi aikin a daren.

Ba zan ce wancan zamani ba shi da aibu ba. Waɗanda suka kai ga littafin 'yan kaɗan ne, kuma 'yan mata a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Misalan littattafan na wata duniya ne, ana maganar sulɓi a kan ƙanƙara ga yaron da bai taɓa ganin ta ba sai a ruwan sanyi na kasuwa. Tsofaffin bugu kuma suna awo da ƙafa da inci da laba, alhali jarrabawa ta koma mita da kilo. Turancin ma kansa katanga ne. Sai dai rashin ya yi mana wani aiki da ba mu gode masa ba: ya zaɓa mana littafi, ya kuma tilasta mana mu bi shi daga farko har ƙarshe.

A 1986 abubuwa suka juya. Gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira, cikin ɗan lokaci dala ɗaya ta koma wajen naira 4, kuma daga nan ba ta daina hawa ba. Baƙin malamai suka fara haɗa kayansu, don albashin ya daina isar su aika gida. Kantunan littattafai suka bushe, laburare suka daina ganin sabon bugu. A 1997 aka rufe shirin ELBS ɗungurungum. Abin da ke sosa rai shi ne, a daidai wannan tsakani ne manyan makarantu suka iso ƙofar gidanmu. A 1992, zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Talata Mafara, wadda ke ɗauke da sunan Injiniya Abdu Gusau. A 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Ɗan manomi ya samu damar yin difloma ba tare da ya yi nisa da gida ba, amma littafin da zai yi karatun da shi ya fi ƙarfin aljihun ubansa.

Gurbin da littafi ya bari a manyan makarantun ƙasar nan, handawut ne ya cike shi. Adalci ne a ce da kyakkyawar niyya aka fara. Malami yana da kwafi ɗaya tak, ɗalibai sun cika aji, sai ya tsakuro abin da ya fi muhimmanci ya ba su su yi fotokwafi. Da babu gara ba daɗi. Amma sannu a hankali tsakuren ya zama shi ne karatun gaba ɗaya, a wasu wuraren ma ya zama haja. Me ake yankewa idan za a mayar da shafi 600 ya koma 40? Bayanin dalili ake yankewa, da zane-zane, da tambayoyin gwaji. Abin da ke saura shi ne ƙa'ida tsirara, a haddace ta a zuba a jarrabawa.

Ga kuma ɓarnar injin kwafi. Takarda ce aka kwafa daga kwafin kwafi, har baƙi ya koɗe. A rubutun labari, in harafi ɗaya ya ɓace mai karatu zai cike da hankalinsa. A lissafi ba haka ba ne. Ɗauki ƙa'idar faɗuwar abu: nisan da dutse ya yi shi ne rabin 9.8 sau daƙiƙoƙin da ya ɗauka, sau daƙiƙoƙin kuma. Wannan ninki na biyu ana nuna shi ne da ɗan mitsitsin 2 a saman harafin t, kuma shi ne abu na farko da injin kwafi ke cinyewa. Dutsen da aka saki a rijiya ya yi daƙiƙa 3 kafin ya taɓa ruwa ya yi tafiyar mita 44 da 'yan kai. Ɗalibin da ɗan 2 ɗin ya ɓace a takardarsa zai samu ƙasa da mita 15, kuma ba abin da zai ankarar da shi, domin ba a nuna masa inda ƙa'idar ta fito ba, ba kuma amsa a bayan littafi da zai gwada tasa da ita. Haka alamar ɗebewa ke ɓacewa, haka ɗigo ke ɓacewa, yaro ya haddace kuskure da zuciya ɗaya.

A wannan zamani ne littattafan Indiya suka samu kasuwa, don sun fi na Turai araha: Theraja a fannin lantarki, Khurmi a kanikanci, H. K. Dass a lissafin injiniya. Sun yi wa ɗaliban difloma rana ƙwarai, domin Turancinsu mai sauƙi ne kuma cike suke da misalan da aka warware. Rauninsu shi ne sukan fi koya maka yadda za ka ci jarrabawa a kan yadda za ka yi tunani. A matakin sakandare marubutan gida sun yi ƙoƙari, Ababio a kemistiri, Anyakoha da Okeke a fiziks, amma a matakin jami'a gurbin bai cika ba.

Sai ga waya ta zo. Yau ɗalibin Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a Talata Mafara a 2018, ko na kwalejin aikin gona ta Bakura, yana iya ɗauke da littattafan da suka fi na laburaren zamaninmu yawa a aljihun rigarsa. Kuma ba duka ne na sata ba. Jami'ar Rice ta Amurka ta fara shirin OpenStax a 2012, inda ake ba da cikakkun littattafan kalkulas da fiziks da kemistiri na matakin jami'a kyauta, da izinin masu su. Jami'ar MIT ta daɗe da sakin darussanta a intanet. Laccocin Richard Feynman ma ana karanta su kyauta. Wannan alheri ne babba, kuma duk wanda ya taɓa jiran layin littafi ba zai raina shi ba.

Amma abin da nake gani a hannun yaranmu yana damuna. An tura littafi a zauren WhatsApp na aji, kowa ya sauke, kowa ya ji kamar ya mallaki ilimin. Ɗalibi zai buɗe wannan ya karanta shafi biyu, ya ci karo da wuri mai tsauri, sai ya rufe ya buɗe wancan, ko ya nemi bidiyo, ko ya tambayi manhajar da za ta warware masa nan take. Wurin nan mai tsauri kuwa, inda kai ke ɗaukar zafi, a nan ne ake koyon lissafi. A da babu wurin gudu, yanzu ƙofofin gudu sun yi yawa. Haka semista za ta ƙare yana da farkon littafi goma a kansa, ba shi da ƙarshen ko ɗaya.

Shekarar 2021 ta ƙara koya mana wani darasi mai ɗaci. A watan Fabrairu aka sace ɗalibai mata a makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta aka kai hari kwalejin Bakura. A farkon Satumba aka kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar tsawon makonni masu yawa. A wannan zama na dole, babu aji, babu intanet, yaron da ke da littafin takarda mai amsoshi a baya shi ne ya ci gaba da karatu. A yankin da wuta ba ta tsayawa kuma hanya ba ta da tabbas, littafin da ke iya koyar da kai ba tare da malami a kusa ba ya wuce abin marmari.

To yaya za a zaɓa? Ba sai mun je nesa neman tsari ba, malamanmu na zaure sun riga mu. Ba a taɓa miƙa wa mai fara fiƙihu Muhtasar ba, duk da girman darajarsa. Ana farawa da Ahalari, a wuce Ishmawi da Iziyya, a shiga Risala, sannan Askari, kafin a tunkari Muhtasar. Malam ne ke cewa ga wanda za ka ɗauka yanzu, kuma ba a barin littafi sai an sauke shi. Babu mai tambayar wanne ne ya fi kyau a cikinsu, don an san kowanne da matakinsa. Littattafan kimiyya ma haka suke. Wanda aljabararsa ta sakandare ke rawa ya koma New General Mathematics ba tare da jin kunya ba, sannan Backhouse. Mai karatun injiniya ya kama Stroud, sai ya sauke shi ya tunkari Advanced Engineering Mathematics na Kreyszig. Wanda lissafi ne zallan fanninsa ya sani Stroud ba zai ishe shi ba, domin aikinsa kafa hujja ne, yana bukatar irin kalkulas na Spivak, kuma kada ya fara da ɗan littafin Rudin, wanda taƙaitawarsa kan karya gwiwar sabon shiga. A fiziks a fara da Nelkon, a hau Halliday da Resnick ko University Physics da ya samo asali daga Sears da Zemansky, sannan littattafan fanni irin na Griffiths a kan lantarki da maganaɗisu. Laccocin Feynman, waɗanda ya gabatar a Caltech tsakanin 1961 da 1963, sun fi amfanar wanda ya riga ya yi ɗamba da tambayoyi, ya dawo neman zurfin fahimta.

Idan littattafai biyu suna mataki ɗaya, akwai gwajin da ba ya cin lokaci. Buɗe babin da ka ɗan sani, ka ga yadda kowanne ya bi da shi. A ce babin nauyin ruwa ne. Ƙofar ƙarfe ce a bakin magudana, faɗinta mita 2, ruwa ya taru a bayanta zurfin mita 3. Littafi mai rauni zai ba ka ƙa'ida, ka zuba lambobi, ka samu niyuton 88,200, wato kamar nauyin tan 9, shi ke nan. Littafi mai kyau zai fara nuna maka cewa matsin ruwa yana ƙaruwa ne da zurfi, babu komai a sama, ya fi tsanani a gindi. Sai ya yanka ƙofar siri-siri a kwance, ya lissafa turin da ke kan kowane yanki, ya tara su, ka ga da idonka abin da ya sa aka ƙirƙiro kalkulas. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa in zurfin ya ninka biyu turin ke ninka huɗu, da dalilin da ya sa cibiyar turin take mita 2 daga saman ruwa ba a tsakiyar ƙofar ba, da abin da ya sa gindin madatsa ya fi samanta kauri. Wanda ya koya ta wannan hanya, ko ya manta ƙa'idar zai sake gina ta da kansa, kuma ko injin kwafi ya cinye masa lamba zai gane.

Bayan wannan sai a juya ƙarshen babin. Tambayoyin gwaji suna da yawa? Sun taso daga masu sauƙi zuwa masu wuya? Akwai amsoshi a baya? Littafin lissafi ko fiziks da ba shi da waɗannan bai cika ba, komai kyan bayaninsa. A kuma ɗora jerin babobinsa a kan manhajar kwas, ta hukumar NBTE ga 'yan kwalejin fasaha ko ta NUC ga 'yan jami'a, a ga ko ya ɗauke mafi yawanta. Kada a damu da sabon bugu. Dokokin Newton ba su canja ba, kuma tsohon bugu mai tsabta da ke awo da mita da kilo ya fi sabon jabu mai dusashen baƙi. In an samu wanda ya dace, a riƙe shi shi kaɗai a matsayin uwa, a ajiye ɗaya a gefe don ƙarin tambayoyi. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda littafinsa a waya yake, ya daure ya buga babin da ake ciki a takarda, ya zauna da fensir.

Nauyin zaɓen nan bai kamata ya faɗa kan yaro ɗan shekara 18 ba. Namu ne, mu malamai. A ranar farko ta semista ya kamata ɗalibi ya ji sunan littafi ɗaya, da babobin da za a bi, da lambobin tambayoyin da zai warware kowane mako, kuma handawut ya koma matsayinsa na ɗan rakiya. Masu kula da laburare, idan kuɗin TETFund ya zo, kwafi 30 na littafin da 'yan aji ɗaya ke bukata kullum ya fi amfani a kan littattafai 30 mabambanta da za su yi ƙura a kanta. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni na garuruwanmu su sani cewa buga littattafan OpenStax a takarda a ajiye a makarantu halal ne, kuma sadaka ce mai gudana.

Akwai kuma bashin da ke kanmu na rubutawa. A 1732 Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, wanda masana tarihin lissafi ke nazari har yau. Rubuta lissafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da malamai a Mafara da Gusau da Maru da Sakkwato da suka shekara da shekaru a gaban allo, sun san daidai inda yaranmu ke tuntuɓe. Abin da ake bukata shi ne su haɗu su fitar da littafi na gaskiya, wanda wasu masana suka tace, aka gwada kowace amsa a cikinsa, misalansa daga magudanan Bakolori da injin ban ruwa da farantin sola, da ɗan bayani da Hausa a wuraren da Turanci ke tare hanya. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba. Sashen lissafi ɗaya ya ɗauki kwas ɗaya na 'yan aji ɗaya, ya rubuta shi da kyau, ya gwada shi a kan ɗalibansa, ya gyara, sannan ya miƙa wa maƙwabta su ma su gwada. Da haka Stroud ya gina nasa a kwalejin fasaha ta Coventry, kuma babu abin da ya hana a yi irinsa a Talata Mafara.